Takalmin ƙarfe, na roba, ko kofato zalla: me za ka saya kafin a zo duba ingarmanka?

Shekara huɗu ke nan wani mai goɗiyoyi ya aiko cewa zai shigo Zariya ranar Asabar ya ga ingarmana, wani akawal da na rena tun yana duƙushi. Yana neman wanda zai baye masa goɗiyoyi uku, kuma ya ce da likitan dabbobi zai zo. Ranar Alhamis na duƙa na dubi ƙafafun dokin, na ga kofato ya yi tsawo, bakinsa ya ɗan faffashe, sai na aika a kira mai yanka. Ya zo da wuƙarsa da ɗan gungumen da yake dukanta da shi, ya sassaƙe kofaton har tafin ya yi fari fes. A ido abin ya yi kyau ƙwarai. Ranar Asabar aka jawo dokin kan burjin ƙofar gida, sai ga shi yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi, taku gajere-gajere, kai yana sama yana ƙasa. Baƙon ya ce Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha ruwa, ya kama hanya.

Tsohon da ke kula min da barga, wanda ya yi wa mahaifina aiki kafin ni, ya ɗaga ƙafar gaba ya danna tafin da babban yatsa, tafin ya lotsa. Ya ce, "Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. Dokinka lafiyarsa lau, takalmin da Allah ya yi masa ne aka fere." Na ce, "To Baba, mu sa masa na ƙarfe?" Ya ce in bari tukuna, in ba shi wata biyu.

Tun daga ranar nake bin wannan magana, na gwada wasu abubuwa da kuɗina, wasu kuma na gani a bargar abokai. Wanda ke shirin nuna ingarmansa ga masu tantance iri, ko ga mai saye, ko ga mai neman baye, zaɓi huɗu ne a gabansa, kuma ba daidai suke ba.

Da farko a san abin da mai dubawa ke nema. A Turai abin yana da tsari a rubuce. A garin Verden na ƙasar Jamus, inda ake tantance ingarmun wani irin doki na Jamus da ake kira Hanoba, ana kawo su suna da wajen shekara biyu da rabi, a tsayar da su a dubi ƙira, a ja su a kan ƙasa mai tauri a tafiya da sassarfa, a ɗauki hoton ƙashin ƙafafunsu, sannan a yanke hukunci ko za a bar su su yi baye. Kowace ƙungiyar iri da dokarta game da takalmi, don haka wanda zai kai doki irin wannan taro sai ya karanta dokar tun kafin ya sayi komai. A wurinmu idon dattawan barga ne da na likita ke yin wannan aiki, amma abin da suke nema ɗaya ne: a ja dokin ya tafi, a juyo da shi, a ga ko ƙafa tana sauka daidai, ko yana shuri da ita waje, ko guiwa ta karkace, ko kofatan gaba biyu girmansu ɗaya. Mai goɗiya ba ado ya zo saye ba, abin da ɗan zai gada ya zo gani. Ingarman da ya taka kwalta da burji da kofatonsa tsirara bai yi ɗingishi ba, ya gama yi wa kansa talla.

Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga zaɓi na farko, wato a bar shi ba takalmi, a sayi gyara mai kyau. Yawancin dawakinmu na Arewa haka suke rayuwa tun kaka da kakanni, kofatonsu ƙarami ne mai tauri, kuma haka suke fita hawan sallah daga fada su zaga gari su dawo. Abin da ake saye a nan ba kaya ba ne, hannun gwani ne da lokaci. Kofato yana tsirowa daga sama, wajen milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta gaba ɗaya daga gashi zuwa ƙasa. Ma'anar wannan ita ce tsagar da ka gani a tsakiyar kofato yau ba za ta ɓace cikin wata biyu ko uku ba, komai man da ka shafa. Abin da za ka iya gyarawa cikin wata uku shi ne tsawo, da daidaiton gefe da gefe, da taurin tafi.

Gyaran ana yin sa ne kaɗan-kaɗan, duk mako 4 zuwa 6. Idan za ka ɗauki mai gyara, kada ka tambaye shi shekarunsa a sana'a, ka tsaya ka kalli yadda yake aiki a kan dokin wani. Gwani yakan sa a ja masa dokin ya gani tukuna kafin ya taɓa ƙarfe. Yakan rage bangon kofato ne, ya kewaye bakin da magagari ya dakusar da kaifin don kada ya ɓalle a kan dutse, ya bar tafin da kaurinsa, sai abin da ya riga ya mutu yana ɓarewa da kansa. Tsokar nan ta tsakiyar tafi mai siffar bakin mashi ba ya fere ta, sai dai ya share gefenta, domin ita ce matashin da ke karɓar nauyi. Wanda ka ga yana neman tafi ya yi fari, ko ka ga ja-ja ya fara bayyana a ƙarƙashin wuƙarsa, ka sallame shi cikin mutunci. Yankan ƙarshe kuma ya kasance kwana 10 zuwa 14 kafin ranar dubawa. Wannan ita ce ƙa'idar da na karya, ta jawo min asarar baƙo.

Kayan da ya kamata ka mallaka a barga ba su da yawa: magagarin kofato mai faɗi, da ɗan ƙarfen ƙwaƙule tafi, da buroshi. Awartakin yanka ka bar wa mai sana'a. Magagari mai araha mako biyu yake yi ya dakushe a kan kofaton rani, gara ka sayi mai kyau guda ɗaya ka riƙa nannaɗe shi a tsumma kada ya yi tsatsa.

Sauran aikin ƙasa ce ke yin sa. Dokin da ya shekara a turke a kan taki mai laushi, tafinsa ba zai jure tsakuwa ba ko wa ya gyara shi. Mu abin da muka yi wa akawal shi ne kilisa da asuba, a fara da minti goma a kan kwalta mai santsi, mako na biyu a ƙara, daga baya a gangara hanyoyin burji na wajen ganuwa ta ɓangaren Kufena. Bayan wata biyu sai ka ji ƙarar takunsa ta canza, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga ƙwarya. Lokacin shekara ma yana da nasa. Da damina, musamman a watan Agusta da ƙasar Zariya ke jiƙe sharkaf, kofato yana laushi, tafin yakan ruɓe ya yi baƙi yana wari idan ba a kwashe kashi da fitsari daga turke. A ƙwaƙule tafin kullum, a zuba yashi busasshe a inda yake tsayawa. Da hunturu kuwa kofaton yakan bushe ya yi taurin dutse, bakinsa yana ɓantarewa idan an bar shi ya yi tsawo.

Zaɓi na biyu takalmin ƙarfe. Ba na ƙin sa, yana da ranarsa. Dokin folo, wato wasan ƙwallo a kan doki, da ke juyi da gudu a fili, ko wanda kofatonsa ke cinyewa fiye da yadda yake tsirowa, ko wanda likita ya ce a ɗaga masa dunduniya saboda wani ciwo, duk waɗannan takalmi rahama ne gare su. Amma ka san abin da ka shiga. Kowane takalmi ƙusa shida zuwa takwas ake kafa shi da su, kuma duk bayan wajen mako shida sai an cire an rage kofaton an mayar, ko da ƙarfen bai ci ba. Kuɗi ne mai maimaituwa. Gwanayen kafa shi kuma ba su da yawa, galibi a bargunan folo na Zariya da Kaduna ake samun su. Ƙusar da ta kauce ta shiga nama tana kawo ƙurji a cikin kofato, wani lokaci har tetanas, cutar da ke sandarar da jiki, don haka kada a kafa wa dokin da ba a yi wa rigakafi ba. Ƙarfe kuma ya fi kofato zamewa a kan kwalta. Ga ingarman baye akwai ƙarin matsala: takalmin gaba yana iya yanke goɗiya a gefe lokacin da ya hau ta. Mafi muni shi ne a kafa shi ana saura kwana uku a zo dubawa don a ɓoye taushin tafi. Dokin bai saba da nauyin ba, takunsa zai canza, mai ido kuma zai tambaye ka dalilin sabon takalmi a ƙafar dokin da kowa ya sani ba ya sa shi.

Na uku shi ne takalmin roba da ake zura wa doki a ɗaure, a cire bayan an dawo. Daga waje ake kawo su, irin su Easyboot da Cavallo da Scoot Boot, kuma da dala ake sayen su, to ka san lissafin. Na sayi na ƙafar gaba guda biyu a lokacin da akawal ke jinya, sun kuwa yi min amfani, don da su ya ci gaba da kilisa har tafinsa ya dawo. Kuskuren da ake yi wajen awo ne. Ana auna faɗi da tsawon tafi da milimita, nan take bayan an yi gyara, a gwada da jadawalin kamfanin, domin kowane kamfani lambarsa daban. Dawakinmu ƙananan kofato gare su, idan ka yi odar lambar dokin Turai zai riƙa juyawa a ƙafa ya fice a sukuwa. Yashi yana shiga ciki ya goge dunduniya, sai an riƙa wankewa. Kayan horo ne da jinya, ba na ranar dubawa ba, don mai dubawa zai ce a cire ya ga abin da ke ciki.

Na huɗu, wanda ake mannawa da gam, ba zan tsaya a kansa ba. Yana buƙatar kofato busasshe ƙarau da hannun da ya saba, gam ɗin kuma yana saurin daskarewa a zafinmu kafin a daidaita takalmin. Sai dai idan likita ne ya nemi a yi.

Masu cewa doki marar takalmi dokin ƙauye ne, su tuna gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021. Ƙasar Suwidin ce ta ci zinare a tsallen dawaki na ƙungiya, kuma biyu daga cikin dawakinta, King Edward da All In, ba takalmi suka yi tsallen. Gaskiya a kan yashin da aka gyara musamman suka yi, ba burjin Tudun Wada ba, amma ya isa ya nuna cewa ƙarfe ba sharaɗin daraja ba ne.

Akwai kuɗin da mutane ke zubarwa a kan mai da magani. Man shanu ko man kaɗanya a shafa sama-sama da safen ranar dubawa don sheƙi, ba laifi. Baƙin man inji da wasu ke shafawa kuwa a daina, dauɗar inji ce, tana ƙona fatar da kofaton ke tsirowa daga gare ta. Garin biyotin, wani nau'in bitamin da ake sayarwa, yana taimaka wa mai kofato mai ɓarewa, wajen miligiram 20 a rana, amma sabon tsiro kawai yake gyarawa, sai an yi watanni ana bayarwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗurawa doki hatsi don ya yi ƙiba kafin baƙi su zo. Gero ko dawa da aka ƙara farat ɗaya suna iya kumbura naman cikin kofato, ka tashi da safe ka tarar da doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya, kofato da zafi kamar an ɗora a wuta. Wannan ba na jira ba ne, a nemi likita a ranar. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Ko ya warke, zobban da ciwon ke bari a jikin kofato suna nan har su tsiro su fita, kuma duk mai dubawa ya san karatunsu. Harawar gyaɗa ko ta wake mai kyau, ciyawa isasshiya, dusa daidai gwargwado, gishiri da ruwa mai tsabta, a ƙara hatsi sannu a hankali cikin makonni.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ka ba gwanin gyara, ka yi yarjejeniya da shi ya riƙa zuwa duk wata har sau uku kafin ranar. Idan da saura, ka sayi magagari. Idan har yanzu da saura kuma dokin yana jin tsakuwa, ka yi odar na roba na ƙafar gaba. Na ƙarfe sai likita ko aikin dokin ya tilasta.

Ana saura mako guda, ka sa yaron barga ya ja dokin a kan kwalta, ya tafi da shi taku talatin a miƙe ya juyo, a tafiya sannan a sassarfa, igiya a sake don kai ya samu walwala. Kai kuma ka tsuguna a baya ka kalli ƙafafun, ka koma gaba ka sake kallo, ka kasa kunne ko ƙarar taku huɗun ɗaya ce. Ingarma yakan ɗauki zafi idan ya ji warin goɗiya, to a yi wannan gwaji sau da yawa, har da wata goɗiya a ɗaure daga nesa, don ya koyi tsayawa cak a ɗaga masa kowace ƙafa ba tare da ya yi haniniya ya miƙe tsaye ba.