Jera kwasa-kwasan digiri: a fara da na dole ko a gauraya?

Mai shirin digiri na semesta 8 hanya biyu ce a gabansa. Ko ya fara da kwasa-kwasan dole, waɗanda sai an ci su ake wucewa na gaba, ko ya riƙa gauraya masu nauyi da na zaɓi, yana jinkirta wasu.

Gaurayawa tana rage wahala, tana kuma kare maki. Ga mai aiki ko mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ni ta farko na fi so, don kwasa-kwasan dole a sarƙe suke. Ɗalibin injiniya da ya ɗage lissafin shekarar farko ba zai shiga kwas ɗin da aka ɗora a kansa ba, kuma wasunsu sau ɗaya ake koyarwa a shekara. Ranar rajista yana kallon sunan kwas a kwamfuta, an kulle masa. Jinkirin semesta ɗaya ya zama shekara, ga ƙarin kuɗin makaranta. Wanda ya faɗi da wuri kuwa yana da lokacin maimaitawa.

Illarta dai nauyi. Kwas 3 masu lissafi da ɗakin gwaji a semesta ɗaya kan galabaitar da ɗalibi, don haka a ɗauki 2, a cike gurbin da na zaɓi.