Na'urar Koyar da Tafiyar Duniyoyi: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Duk malamin kimiyya a firamare ya san wahalar darasin yadda duniyoyi ke zagaya Rana. Ka ce wa yaro shekarar Makyuri kwana 88 ce kacal, ta Neptun kuma ta kai shekarunmu 165, ya gyaɗa kai, gobe ya manta. Abin ba ya zama sai ya gani da idonsa. Shi ya sa abokan aiki da iyaye ke yawan tambayata abin da za su saya.

Fostar bango ta fi araha, sai dai ba ta motsi, darasin kuwa kacokan na motsi ne. Ƙwallayen soso da ake ratayewa da zare ado ne kawai.

Ni dai zaɓina na'urar nan ce da ake murɗawa da hannu, mai faifai masu haƙora irin na cikin tsohon agogo. Kowace duniya da nata faifan, don haka kowace da saurinta. Ka murɗa har Duniyarmu ta zagaya Rana sau ɗaya, Makyuri ta zagaya sau huɗu da ɗan ɗoriya, Mas ta ɗan haura rabin hanya domin shekararta kwana 687 ce, Mushtari (Jupita) kuwa da ƙyar ta gusa, tunda sai ta shafe kusan shekara 12 take kammala zagaye. Zuhal mai zoben nan, mai shekara 29 da rabi, kamar a tsaye take. Daga nan yara da kansu ke tambayar dalili, kai kuma ka samu ƙofa: na nesa hanyarsu ta fi tsawo, jan Rana a kansu ya fi rauni, tafiyarsu ta fi nauyi. Duniyarmu tana cin kusan kilomita 30 a daƙiƙa, Neptun biyar da 'yan kai. Ka miƙa wa yaron da ya fi kowa shiru mariƙin, ka ga yadda fuskarsa za ta washe.

Inda ta gaza shi ne tsawon yini, domin yawancin irin waɗannan na'urori ba sa nuna juyin kowace duniya a kan kanta. Wannan giɓi manhajar Stellarium, mai nuna sararin samaniya, ke cike shi. Kyauta ce a kwamfuta, tana iya tsayar da kai a kan Mas ka kalli fitowar rana da faɗuwarta, a yinin da ya fi namu da kusan minti 40.

Yanzu ga abin da ya ƙona ni. Na taɓa sayen wata mai batir a wani shago, mai fitilu, gwanin kyau. Mai shagon ya rantse mini ta waje ce. Na kunna ta a aji, ashe duk duniyoyin a kan faifai ɗaya aka kafe su, tare suke juyawa kamar lilon Sallah. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe shekararmu ɗaya da Neptun?" Kuɗin aljihuna ne, amma ba shi ya fi yi mini ciwo ba. Mako guda na yi ina cire kuskuren daga kawunansu.

Don haka kada ka biya sai ka murɗa a gaban mai kaya, ka ƙirga zagayen Makyuri da kanka. Ka leƙa ƙasanta. In ba ka ga faifai daban-daban ba, ajiye masa kayarsa. Haƙoran roba masu laushi ma ba sa kai zango biyu a hannun yara.

Takardar bayanin da ke cikin kwali ita ma ka karanta. In ta lissafa Fuluto a matsayin duniya ta tara, an kwafo ta daga tsohon bugu, domin tun 2006 masana taurari suka sauya mata matsayi. Sannan ka duba Zara, matar wata, wato duniyar Venus. Juyinta a kan kanta kwana 243 ne, shekararta 225, kuma baibai take juyawa, shi ya sa daga fitowar rana zuwa wata fitowar kwana 117 ne. Masu bugun gaggawa sukan cakuɗa waɗannan alƙaluma, wasu har su ba ta awa 24. Mushtari kuma yininta bai cika awa 10 ba. In ka ga an rubuta fiye da namu, jabu ce.

Masu sayarwa ta intanet sun fi kowa wannan wasa. A hoto tagulla, a kwali roba mai fenti. Ka nemi bidiyon ainihin wadda za a aiko maka, ana murɗa ta daga farkon zagaye har ƙarshensa, kafin ka tura ko sisi.