5W-30 Ko 20W-50: Wane Baƙin Mai Ya Dace Da Mota A Zafin Garwa?

Malam, ka ce ka sayi Corolla ƙirar 2006 da aka shigo da ita Kamaru ta Duwala. A kan murfin wurin zuba baƙin mai an rubuta 5W-30, amma bakanikenka ya ce wannan man na ƙasashen ƙanƙara ne, a Garwa sai 20W-50, in ba haka ba zafi ya mayar da shi ruwa. Kana tambaya maganar wa za ka bi. Da motar tawa ce, murfin zan bi, in ma zan ƙara kauri ba zan wuce 5W-40 ko 10W-40 ba. Bakaniken bai yi maganar banza ba, akwai motocin da yake da gaskiya a kansu, sai dai taka ba ta cikinsu.

Lambobin nan na wata ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka da ake kira SAE, kuma kauri kawai suke aunawa, ba su faɗin kyan mai ko muninsa. Halin baƙin mai irin na man shanu ne: da hunturu ya yi tauri, ya ji zafi ya tsinke. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda yake gudu da sanyi. Ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. A nan bakaniken ya samo maganar ƙanƙara. Abin da ya bari a baya ita ce lamba ta biyu, wadda ake aunawa a digiri 100. A wannan zafin, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin kauri da ake kira santistok, mai lamba 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai lamba 50 daga 16.3 zuwa 21.9.

To ka duba digiri 100 ɗin nan da kyau. A Maris da Afrilu, Garwa da Marwa da Kusuri duk sukan haura digiri 40, har ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa. Amma man ba a rana yake kwana ba, cikin inji yake, shi kuwa injin da ruwan lagireto ke sanyaya shi yana aiki ne wajen digiri 85 zuwa 95, ko a Faris yake ko a bakin Binuwai. Wanda ya rubuta 5W-30 a murfin ya san man zai kai digiri 100 kullum, da wannan lissafin ya ƙera injin. Zafin gari yana ƙara wani abu, ban musa ba, musamman in motar na tsaye cikin cunkoso da na'urar sanyi a kunne, ko tana hawan dutsen nan na hanyar Ngaundare da kaya har rufi. Ƙarin dai bai kai a tsallake matakai biyu daga 30 zuwa 50 ba.

Mu jera 5W-30 da 20W-50 a gefen juna tun daga asuba. Ka fito ka tada mota a Janairu, hazo ya rufe gari, man duk ya kwanta a ƙasan inji tun dare. Sai famfo ya tura shi sama kafin ya isa kan inji, kuma a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe ke gogar ƙarfe. 5W-30 yana isa nan da nan. 20W-50 kuwa jan ƙafa yake yi, don ko a digiri 40 kaurinsa yakan haura 150, alhali na 5W-30 yana wajen 60. Sanyinmu ba ya kai ga daskarar da ko ɗaya daga cikinsu, ko a tudun Ngaundare da ya fi mita 1,000, amma wanda yake tada mota sau goma a rana, daga gida zuwa kasuwa zuwa makarantar yara, wannan 'yar tazarar tana taruwa a kansa.

Idan inji ya ɗau zafi, nan ne ƙirar motarka ta shigo. Corolla ta wannan zamanin tana da VVT-i, tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul da rufe shi, kuma da matsin baƙin mai yake aiki. Man yana bi ta wata 'yar rariya da ƙananan hanyoyi kafin ya isa wurin. Mai kauri yana sa tsarin ya yi nawa, mota ta yi nauyin tashi, wani lokaci har fitilar inji ta kama. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan irin wannan inji ma matsattsiya ce. Sannan mutane sukan manta cewa baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, yana kwashe zafi daga fistin da biyarin, kuma wanda ya fi saurin zagayawa ya fi kwashewa. Ga shan fetur: kaɗa mai kauri aiki ne, daga tankinka ake biyansa.

Ina 20W-50 ya fi? A tsofaffin da suka ci hanya. Carina E da Starlet da suka shekara suna tasi, Peugeot 504 ta ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye, tsohuwar Hiace mai fetur da ke zirga-zirga tsakanin Marwa da Mora. Injin da ringinsa ya saki, yana hayaƙi shuɗi, yana shan mai tsakanin juye da juye, ko fitilar mai tana ƙiftawa in ya yi zafi yana tsaye, to mai kauri yana cike gurbin da ƙarfe ya cinye, matsi ya ɗan dawo, ƙara ta ragu. Bakaniken da ya tashi a kan irin waɗannan motoci ya ga haka da idonsa ba sau ɗaya ba, shi ya sa ba ya yarda da man da ya ga yana zuba kamar man gyaɗa. Sai dai lallaɓa injin ake yi, ringin da ya mutu yana nan a mace.

Tsakanin biyun akwai 10W-40 da 5W-40, kuma su nake ba mutane shawara idan mota irin taka ta yi nisan kilomita, ta fara rage mai kaɗan, ko mai ita yana yawan doguwar tafiya a bazara, misali Garwa zuwa Njamena. Da safe sun fi 20W-50 saurin gudu, da rana kuma suna da ɗan jiki. Ka buɗe littafin motar in ya zo da ita. Da yawa suna da zane mai nuna wane mai ya dace da wane zafin gari, za ka ga fiye da lamba ɗaya aka yarda da ita.

Masu dizal nasu daban. Tsohuwar Hilux, Land Cruiser, da manyan motocin da ke jigilar auduga, 15W-40 ne abincinsu, kuma a duba harafin C a jikin galan, kamar CH-4 ko CI-4, don shi ne aka haɗa domin ya riƙe baƙin toka na dizal. Na fetur harafin S ne: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Taka SL ko abin da ya biyo bayansa ya ishe ta.

'Yan acaɓa kuma kada su ɗauki maganata su zuba 5W-30 na mota a babur. Babur iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, don haka zafin gari yana shiga jikinsa kai tsaye, kuma da yawa littafinsu 20W-50 ko 20W-40 yake cewa. Kulocinsa a cikin mai yake wanka, man mota mai yawan santsi yana sa shi sulɓewa. A nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA.

Wani abu da ya fi lambar nan kashe injuna a ƙasarmu shi ne ƙura da jabun mai. Na taɓa sayen galan a bakin hanya saboda araha, lamba daidai, suna daidai, ashe tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Ban yi kilomita dubu ba ya koma baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Tun daga nan nake duba hatimin murfi, kuma a gabana ake fasa shi. Gara 15W-40 na gaske daga gidan mai da 5W-30 na ƙarya. Idan kana zuba wa motar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, ka riƙa zaro sandar awo kana shinshinawa, don fetur mara kyau da bai ƙone duka ba yakan gangara ya tsinka man, ko lamba nawa ce a galan.

Juye, wato vidanj kamar yadda muke cewa a nan, ka yi shi duk kilomita 5,000 tare da sabuwar filta, kada ka biye wa dogon zangon da aka rubuta don titunan Turai. Da hunturu a riƙa duba filtar iska akai-akai. Kuma in ka koma garejin, ka tambayi bakaniken ko tamostat ɗin motar, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, yana nan. Da yawa sukan cire shi da zarar mota ta iso Arewa, wai don kada ta yi zafi, sai injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba. In an cire, a mayar kafin a zuba man.