Star Wreck: yaƙin sararin samaniya da aka haɗa a cikin falo

Daren jiya bayan sallar isha'i na zauna na kalli Star Wreck: In the Pirkinning har ƙarshe, kusan awa ɗaya da minti arba'in. Fim ne na mutanen Finland da ya fito a 2005, kuma kyauta suka sake shi a intanet tun lokacin.

Mai fim ɗin, Samuli Torssonen, tun yana matashi a 1992 ya fara tsokanar shirin Star Trek da gajerun zane-zane masu motsi a kwamfutarsa. Bai bari ba. Wannan na 2005 shekara bakwai suka yi suna fama da shi a birnin Tampere, shi da abokansa, Timo Vuorensola na ba da umarni, Samuli kuma ya fito a matsayin Kyaftin Pirk, mai son mulki da ya mamaye duniya da taimakon shugaban Rasha, sannan ya kai yaƙi wata duniyar da ke kwaikwayon wani shirin talabijin na sararin samaniya mai suna Babylon 5.

Abin da ya riƙe ni shi ne yaƙin jiragen. Wallahi sau uku ina mayar da wani wuri baya. Ɗakin tuƙin jirgin da kake gani babu shi a zahiri. Shuɗin ƙyalle suka rataya a ɗakin gida, aka ɗauki 'yan wasa a gabansa, sauran duk kwamfuta ta zana. Idan ka san haka sannan ka ga jirage na tarwatsewa cikin wuta, dole ka jinjina wa haƙurinsu.

Inda ya gaza kuwa, wasan wasu 'yan fim ɗin a sandare yake, ka san ba sana'arsu ba ce. Barkwancin ma rabinsa na wanda ya san shirye-shiryen biyu ne. Ni Star Trek kawai na sani, don haka sashen Babel 13, wato kwaikwayonsu na Babylon 5, ya ɗan wuce ni. Ga shi da harshen Finland suke magana, ido na kan fassarar ƙasan allo.

Duk da haka ba ɓata data na yi ba. Wannan aikin ne ya buɗe musu hanyar yin fim ɗin Iron Sky a 2012, wanda ya shiga gidajen silima. Ƙanena da ke koyon haɗa bidiyo a waya na tura wa shi da safe, na ce ya fara da yaƙin ƙarshe.