Toastmasters: Shin Kulob ɗin Koyon Jawabi Ya Cancanci Kuɗinsa?

Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a shekarar 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya a Amurka, tana da rassa a Legas da Abuja, kuma aikinta shi ne horar da mutum ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Babu malami a cikinta, mambobi ne ke koyar da juna a zaman da suke yi duk mako ko bayan mako biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake auna ƙananan ɗabi'un da mutum bai san yana da su ba. Sabon mamba yakan fara da gabatar da kansa cikin minti 4 zuwa 6, daga baya jawabansa su koma minti 5 zuwa 7, yayin da mai kula da lokaci ke ɗaga masa alama mai launin kore, sannan rawaya, sannan ja, don ya san inda lokacinsa ya kai. Akwai wanda aikinsa kawai ƙirga kame-kamen da mai magana ke yi idan zance ya kakare masa, kuma duk ma'aikacin da aka taɓa karanto masa adadin nasa a bainar jama'a zai riƙa lura da bakinsa har a taron ofis. Sai kuma sashen tambayar ba-zata, inda ake ba mutum minti ɗaya zuwa biyu ya amsa nan take, wanda a ganina ya fi komai amfani ga mai shirin ganawar neman aiki. Kwarjini a nan da maimaici ake samunsa, sannu a hankali.

Amma kuɗin mamba da dala ake lissafa shi duk wata shida, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai albashin naira. Da Turanci ake gudanar da zaman a Najeriya, saboda haka wanda Turancinsa bai nuna ba zai haɗa fargaba biyu. Ingancin gyaran da ake yi wa mai jawabi bayan ya gama kuwa ya dogara ga mamban da aka ɗora wa aikin a ranar, shi ya sa ya kamata mutum ya fara halarta a matsayin baƙo, wanda yawanci kyauta ne, ya saurari yadda suke yi wa juna gyara kafin ya biya.