Sharhi kan tutoriyal ɗin lissafi na wajen Ƙofar Ƙaura

Masu ta tambayata a kan tutoriyal ɗin lissafin nan na wajen Ƙofar Ƙaura, to ga abin da na gani, tunda dai na biya kuɗina na zauna har aka gama babin inikwaliti, wato lissafin wannan ya fi wancan ko ya gaza shi, da yadda ake maida shi rubutun intabal, wato rubuta lambobin da ke tsakanin iyaka biyu a cikin baka irin ( ) ko [ ]. Ba zan kira sunan wurin ko na malamin ba, kar a ce an ba ni na goro in yi talla, wanda ya san wurin ya san shi. Yawancinmu 'yan shekarar farko ne masu ɗaukar kwas ɗin lissafi na MTH 101, akwai na jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, akwai 'yan Poli ta Hassan Usman, sai wasu tsiraru masu shirin JAMB da suka shigo cikinmu.

Koyarwar ta yi wallahi. Takardun da suke rabawa kuma ba su yi ba, zan zo kansu.

Abin da ya fi burge ni da Malam shi ne ba ya barin kowa ya rubuta baka sai ya fara zana layin lambobi, ko da kuwa tambayar ta yara ce. In ya rubuta -2 < x ≤ 5 a allo sai ya ce kowa ya ja layi ya sa alama a -2 da 5, sannan ya tambaya: shin -2 ɗin kansa yana ciki? Ba ya ciki, to a bar da'irarsa a buɗe, shi ke ɗaukar baka mai lanƙwasa. Shi 5 fa? Yana ciki, saboda akwai ɗan layin nan a ƙarƙashin alamar, to a cike da'irar da biro, shi ke ɗaukar baka mai kusurwa. Amsa ta zama (-2, 5]. Tun muna ganin ɓata lokaci ne, ana ta ƙunƙuni a baya ana cewa Malam mun gane a wuce, har dai muka ga ashe hannu ne yake so ya saba, don in tambaya ta yi tsauri zanen nan ne ke fitar da mutum.

Misalin da ya sa kowa ya yi shiru shi ne na makin WAEC, don kowa a ajin ya san zafinsa. C6 daga 50 yake farawa, C5 kuma daga 55. To in za ka rubuta C6 a intabal [50, 55) ne, wanda ya ci 50 cif ya shiga, wanda ya kai 55 ya riga ya haye gaba ba ya cikin wannan layin. F9 kuma [0, 40), kiredit gaba ɗaya [50, 100]. Daga ranar ban sake jin wani ya tambayi me ya sa baka ɗaya take da kusurwa ɗaya ba ta da shi ba.

Maganar infiniti bai daɗe a kai ba kuma ba ta buƙatar daɗewa. x ≥ 4 shi ne [4, ∞), x < 1 shi ne (-∞, 1). Infiniti ba lamba ba ce da za ka isa wurinta ka tsaya, don haka har abada ba a sa mata baka mai kusurwa, kuma ƙaramin abu ne kullum a hagu babba a dama, kar mutum ya je ya rubuta (1, -∞) ya ce ai duk ɗaya ne. A nan ne ma ya ɗan yi mana tarihi, wai alamar nan mai kama da 8 a kwance wani masanin lissafi ne na Ingila, John Wallis, ya fara amfani da ita a 1655. Ba za ta fito a jarrabawa ba amma dai ta zauna min.

Inda ya fi daɗewa, kuma ya kamata ya daɗe, shi ne juya alama in an raba ko an ninka da lamba mai mainos. Ya ba mu -3x + 6 > 12. Ka cire 6 a kowane ɓangare ka samu -3x > 6, to yanzu za ka raba da -3, dole alamar ta juya, x < -2, wato (-∞, -2). Kusan rabin aji sun bar ta yadda take suka rubuta (-2, ∞). Malam bai ce musu sun yi kuskure ba, cewa ya yi to ku ɗauki lamba ɗaya a cikin amsar taku ku gwada, ku ɗauki 0 tunda ita ce mai sauƙi. Suka sa 0, sai ga shi wai 6 ya fi 12. Aka yi dariya. Ya ce to a gwada -3, aka samu 15, ya fi 12, magana ta ƙare. Wannan gwajin na ɗaukar lamba ɗaya a mayar da ita cikin tambayar shi ne abin da zan ce na biya kuɗi na saya, don ba ya cin ko minti ɗaya kuma yana kama kusan duk wata kwaɓa kafin ka miƙa takarda.

Haka ya bi da mu a kwadiratik, wato lissafin da ke da x² a ciki. x² - 5x + 6 ya rabu zuwa (x - 2)(x - 3), sai ka sa 2 da 3 a layi, layin ya kasu uku, ka gwada lamba ɗaya a kowane kashi. 0 ta ba da 6, 2.5 ta ba da -0.25, 4 ta ba da 2. In tambayar ≤ 0 ce tsakiya za ka ɗauka har da bakin iyaka, [2, 3]. In kuma > 0 ce gefe da gefe ne, sai a haɗa su da alamar yuniyon, (-∞, 2) ∪ (3, ∞). Na mai sama da ƙasa shi ne ya fi kayar da mutane, irin (x + 1)/(x - 2) ≥ 0, domin ido na ganin ≥ sai hannu ya so ya sa kusurwa a ko'ina, alhali 2 ba za ta taɓa shiga ba tunda ba a raba abu da sifili. Amsar (-∞, -1] ∪ (2, ∞) ce. Ya kuma ja mana kunne kar wanda ya kuskura ya ninka ɓangarorin biyu da x - 2, don ba ka san ko mainos ba ce a lokacin.

Akwai wani ɗan'uwa a ajin da ya yi sakandare a Maraɗi, shi da aka ce ya fito allo sai ya rubuta ]-2 ; 5] maimakon (-2, 5]. Aji ya kaure wai ya juya baka baibai. Malam ya tsawatar, ya ce ba kuskure ba ne, haka ake rubutawa a tsarin Faransa da ake bi a Nijar, baka mai kusurwa ce suke juya wa lamba baya in ba ta ciki, kuma suna raba lambobin da waƙafi mai ɗigo saboda su waƙafi suke sawa a desimal. Ni kam har na ga nasu ya fi tsafta ta wani fannin, don mu (2, 5) tana iya zama intabal tana iya zama ɗigo a kan giraf, sai ka duba tambayar kafin ka san wanne ake nufi. Amma ya gaya masa a jarrabawar nan gida ya rubuta irin tamu, kar mai maki ya soke masa a banza. Na ji daɗin wannan, ba kowane malami ne zai san haka ba balle ya kare ɗalibi.

Ya kuma nuna mana Desmos, wata manhajar zana giraf, a waya, ka rubuta x < 3 ya shafa maka launi da layi mai tsinke-tsinke, ka maida shi x ≤ 3 layin ya haɗe. Kyauta ne, yana taimakawa wajen duba aiki a gida.

To sai takardun. Hotokwafin da suke sayar mana ya koɗe sosai, an kwafa daga kwafi an sake kwafa, har ɗan layin da ke ƙarƙashin ≤ ya ɓace ya koma <, kuma a wasu shafukan ba ka bambance [ da ( sai ka kai takardar bakin taga ka ƙura ido. A wani darasin da sauƙi, amma a babin da gaba ɗayansa a kan wannan ɗan layin da wannan bakar yake, ai an cuce mu. Ka yi aiki daidai ka duba amsar baya ka ga ba ta zo ɗaya ba, ka zauna kana zargin kanka, ashe tawada ce. Mun yi magana, aka ce za a sake bugawa, har muka gama babin ba a sake ba.

Sannan an yi gaggawa a kan absolut balu, wato girman lamba ba tare da la'akari da mainos ba, wanda ake rubutawa tsakanin sanduna biyu. |x - 1| < 4 ya koma -3 < x < 5, wato (-3, 5), wannan ya yi shi da kyau, amma na > ɗin da ke rabuwa gida biyu a tsaitsaye aka yi shi ana kiran magariba, 'yan mata masu komawa Kwaɗo da Batagarawa hankalinsu duk yana kan samun Keke Napep. Ɗakin ma ya yi mana kaɗan, in aka ɗauke wuta da yamma a zafin Katsina sai ka ga kowa ya maida takardar mafici, wataƙila amfanin da ta fi yi kenan.

Wanda zai shiga ya shiga, kuɗin bai kai na wasu wuraren da na tambaya ba kuma Malam ya iya aikinsa. Amma ka je da wuri ka kama benci na gaba, ka kwafi tambayoyin daga allo da hannunka kar ka dogara da hotokwafin, kuma tun ranar farko ku haɗa baki ku roƙe shi ya ware wa absolut balu zama guda cikakke.