Furojet ko kundin dijital: wanne ya fi dacewa da bincike a ajin lissafin firamare?

Malama, kin ce zangon karatu ɗaya gare ki na bincike a ajin lissafin firamare, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin koyarwa ta hanyar furojet (wato yara su koyi darasi ta hanyar yin wani aiki na zahiri) da adana ayyukan yara a kundin dijital. Abu na farko da zan ce miki shi ne, waɗannan biyun ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Furojet yana sauya abin da yaro yake yi a cikin aji. Kundi kuwa yana sauya abin da malami yake iya gani game da tunanin yaron. Idan kika ɗauki na farko, kina binciken ko yara sun fi koyo. Idan kika ɗauki na biyu, kina binciken ko mu malamai mun fi gane inda suke tuntuɓe.

Furojet ba sabon abu ba ne. Tun 1918 William Kilpatrick, wanda ya bi sawun masanin ilimi John Dewey a Amurka, ya yi rubutu yana kira da a bar yara su koyi abu ta hanyar aikin da suke da wata manufa a kansa. A lissafi ga yadda abin yake kasancewa. Ki ba 'yan aji huɗu igiya mai tsawon mita 24, ki ce su kewaye filin da za su shuka furanni, kuma ana son fili mafi girma. Rukuni ɗaya za su ja mita 10 a tsawo, 2 a faɗi, su sami murabba'in mita 20. Wasu za su ja 6 da 6, su sami 36. Nan gardama za ta kaure, domin igiyar ɗaya ce, to daga ina ƙarin filin ya fito? Yaron da ya tsaya a cikin wannan gardamar da wuya ya sake rikita tsawon kewaye da girman fili. Wannan shi ne furojet idan ya yi kyau. Idan bai yi kyau ba, za ki ga yaro ɗaya mai kaifin kai yana duk lissafin, sauran huɗun suna fentin allon da za a rubuta sunan rukuni, a tashi mako uku ya wuce kowa yana murna, amma lissafin bai shiga kan kowa ba sai wanda dama ya iya.

Hujjar da ake da ita a kan furojet ba ta kai yadda ake yayata ta ba, musamman a lissafin ƙananan yara, kuma gara ki san haka tun kafin ki fara. Aikin da aka fi ambato shi ne na Jo Boaler a Ingila a shekarun 1990. Ta bi ɗaliban makarantu biyu tsawon shekara uku, ta ga cewa waɗanda aka koyar ta hanyar furojet sun fi iya amfani da lissafi a matsalar da ba su saba gani ba. Aiki ne mai daraja, sai dai makarantu biyu ne kacal, kuma ɗaliban 'yan shekara 13 zuwa 16 ne. A 2016 gidauniyar Education Endowment Foundation ta fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila kan 'yan shekara 11 zuwa 12. Ba a ga ci gaba a fili ba a karatu da rubutu, kuma makarantu da dama sun janye kafin a kammala, abin da ya raunana sakamakon. Gwaje-gwajen da suka nuna nasara a firamare, irin waɗanda aka yi a jihar Michigan ta Amurka, a darasin kimiyya na aji uku da na zamantakewa na aji biyu aka yi su. Ga kuma gargaɗin Kirschner da Sweller da Clark na 2006, cewa mai koyon da bai da tushe yana buƙatar a nuna masa hanya ƙarara, kada a sake shi ya lalubo da kansa. Ni a ganina wannan giɓin alheri ne gare ki, domin wuri ne da ƙaramin bincike mai tsafta zai yi amfani.

Shi kuwa kundi, darasinsa mafi girma ya zo ne tun kafin ya koma waya da kwamfuta. A farkon shekarun 1990 jihar Vermont ta Amurka ta sa 'yan aji huɗu da aji takwas su riƙa tara zaɓaɓɓun ayyukansu na lissafi da rubutu a kundi na takarda. Daniel Koretz da abokan aikinsa na cibiyar RAND suka bibiyi shirin, suka gano abu biyu. Malamai sun ƙara ba warware matsala lokaci a cikin aji, wanda abin so ne. Amma idan aka ba mutum biyu kundi ɗaya su ba shi maki, sau da yawa makinsu ya sha bamban, har ya zama ba za a iya dogara da makin a yanke hukunci kan yaro ba. Wannan matsalar ba ta gushe ba don kundin ya koma dandalin intanet irin su Seesaw ko Google Classroom.

Abin da dijital ya ƙaro, wanda takarda ba ta da shi, shi ne murya. Yarinya ta rubuta 52 a cire 38, ta sami 26. A takarda jan biro kawai za ki sa ki wuce. Amma idan ta ɗauki hoton aikin ta yi bayani na rabin minti, za ki ji tana cewa: "Biyar a cire uku saura biyu. Biyu ba za a cire masa takwas ba, sai na cire biyu daga takwas, saura shida." Yanzu kin san ba sakaci ba ne. Doka ce ta ƙirƙira wa kanta, kuma za ta ci gaba da bin ta har sai an nuna mata ma'anar aro daga gidan goma. Irin wannan bayanin ne Paul Black da Dylan Wiliam suka nuna muhimmancinsa a 1998, wato auna fahimtar yaro ana tsakiyar koyarwa domin a gyara darasin gobe. Haɗarin kundi shi ne ya zama wurin baje koli, inda ake ɗora aiki mai tsafta kaɗai don iyaye su gani su yaba. Kundin da babu kuskure a cikinsa ba zai amfane ki da komai ba a bincike.

Ta fuskar wahala, furojet yana cin lokacin darasi da na shiri, kuma yana iya karo da manhajar da aka ɗora miki ki kammala, amma ba ya buƙatar na'ura ko ɗaya. Kundi ba ya taɓa manhaja sosai, sai dai yana buƙatar na'ura da intanet, kuma wahalarsa tana zuwa ne daga baya, ranar da kika zauna sauraron muryoyin aji guda. Akwai kuma hakkin yara. Hoto da murya bayanan sirri ne, dole ki nemi izinin iyaye da na makaranta a rubuce, ki sa lamba a madadin suna, ki ɗauki hoton takarda ba fuska ba.

Kuskuren da na fi ji miki tsoro shi ne ki shigo da su biyun lokaci guda a aji ɗaya, ki ga maki ya tashi, ki ce an yi nasara. Wanne ne ya yi aikin? Ba za ki iya faɗa ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Shawarata, ki sa furojet ya zama abin da kike bincike, kundi ya zama idon da kike kallo da shi. Ki sami aji biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, dukansu su riƙa ajiye kundi iri ɗaya, amma ɗaya kaɗai zai yi furojet, ɗayan a koya masa batun yadda aka saba. Batu ɗaya ya isa, misali kewaye da girman fili, na mako uku ko huɗu. Ki yi musu gwaji kafin farawa, da bayan gamawa, da kuma wani bayan wata guda, domin a nan ake gane abin da ya zauna. A gwajin ki haɗa tambayoyi irin na littafi da waɗanda ba su taɓa gani ba. Ki rubuta ma'aunin ba da maki tun kafin ki buɗe kundin kowa, sannan ki roƙi wata malama ta duba wani kaso na kundayen ba tare da ta san daga wane aji suka fito ba, ku kwatanta makinku. Idan kuwa aji ɗaya ne kawai a hannunki, to ki ajiye batun furojet, ki binciki kundi shi kaɗai: waɗanne kurakurai ne bayanin baki yake fito da su waɗanda takarda take ɓoyewa, kuma me kika sauya a darasinki bayan kin ji su.